Kawun Ansina Ya Daina Aiko Tambaya

Duk ranar Lahadi idan aka taso daga coci, nakan zauna a teburin kicin ɗin Nana in buɗe kwamfuta in rubuta aikin sati. Ku yi haƙuri, na san ba irin mafarin da kuka saba da shi ba ne, amma rayuwata ke nan, kuma ta wannan aikin satin ne abin da zan ba ku labarinsa ya shigo mini.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Renita Naputi, shekarata ashirin da shida. Ina koya wa 'yan aji bakwai Turanci da rubutu a wata makaranta a kudancin tsibirin Guam. Ni kaɗai nake zaune a gidan kakata Nana a ƙauyen Inalahan. Mama da ƙannena da yayata duk sun koma birnin Tacoma, can ƙetaren teku, tun shekarun baya, ni na tsaya saboda Nana ba ta iya tafiya. Bara ta rasu, ni kuma na kasa tashi. Ɗakuna uku, ni ɗaya. Har yanzu silifas ɗinta suna bakin ƙofa, idan zan yi shara sai in ɗaga su in share in mayar.

Ranar na rubuta a shafin ajinmu:

"Litinin, sababbin kalmomi. Talata da Laraba, kamantawa, wato yadda ake cewa wani abu kamar wani abu yake. Alhamis, kowa ya rubuta sakin layi ɗaya a kan wani nasa, da kamantawa uku a ciki. Juma'a akwai gwaji. Kullum karatun minti ashirin a gida, babba ya sa hannu."

Na danna, ya tafi. Ɗalibaina sun fi ɗari, amma shafin yana nuna mini waɗanda suka buɗe, kuma ba na ɓoye muku, yawanci ko cikin yatsun hannu ba sa cikawa. Sai dai akwai suna ɗaya da kullum shi ne na farko.

Ban gama wanke kofina ba wayata ta yi ƙara.

"Malama barka da Lahadi. Na ga aikin. Tambaya: idan na ce taya ta mutu, kamantawa ce?"

Na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai a kicin.

"A'a. Wannan wani darasi ne, sai wata mai zuwa. A wannan satin dole ka sa kalmar kamar."

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake.

"To. Tayar nan ta yi laushi kamar kumatun maigidana."

Dariya na yi har da riƙe teburi. Sautin ya ba ni tsoro, don na jima ban ji dariya a gidan nan ba.

Kasio ke nan. Ba ɗalibina ba ne, kawun ɗalibata ne, Ansina. Mutumin tsibiran Chuuk ne, baƙin da ake rainawa a nan, faci yake yi a wani shagon taya a bakin titin Agat. Ranar ganawa da iyaye na fara ganinsa, ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya ƙi zama a kujera wai kada ya ɓata ta. Ya ce mini yayarsa ta tafi Hawaii aikin otal ta bar masa yarinyar, shi kuma a aji takwas ya bar makaranta.

"Kullum tana kawo mini takarda in sa hannu," ya ce, yana juya hularsa. "Ni kuma ba na so in sa hannu a kan abin da ban gane ba. Idan ba damuwa, zan riƙa yin aikin nima."

Na ɗauka wasa yake. Ashe da gaske ne. Tun daga lokacin, duk aikin da na ba yara sai ya yi nasa a bayan kwalin bututun taya, ya ɗauki hoto ya turo mini ranar Alhamis. Tun ina gyara masa harafi kawai, har ya kai ina ba shi labarin yadda ruwa ke zuba a ɗakin Nana, yana ba ni labarin tsibirinsu da babu mota ko ɗaya. Bai taɓa ce mini komai ba. Ni ma ban taɓa cewa ba. Amma ku mata kun san yadda ake kallon waya.

Ina cikin ba shi amsa kiran Mama ya shigo, na bidiyo. Su can daren Asabar ne, duk sun kewaye teburi, jar shinkafa a tsakiya, 'ya'yan yayata suna ta tsalle a baya.

"Nita, kin rame. Me kike ci?"

"Ina cin abinci, Mama."

"Jiya mutane sun zo addu'ar?"

"Sun zo. Anti Bennie ce ta ja."

Addu'ar cikar shekarar Nana muke yi, kwana tara a jere kowace yamma a ƙarƙashin rumfa a tsakar gidanmu, za a rufe da babban biki ranar Lahadi.

"Asabar zan sauka," in ji Mama. "Kuma ki ji wani abin daɗi, Derek ya samu hutu, tare za mu taho."

Aka juya wayar, sai ga Derek yana ɗaga mini hannu da cokali. Ɗan aminiyar Mama ne, sojan ruwa, tare muka yi firamare, kuma Mama ta daɗe tana so ta haɗa mu aure. Ba shi da aibu, Allah ya sani. Yana da kirki, yana buɗe wa tsofaffi ƙofa, yana kiran Mama "Anti" da murya mai laushi. Matsalar kawai ita ce idan muna waya, bayan ya tambaye ni yanayin gari na tambaye shi, sai mu yi shiru muna jiran wani ya ce sai an jima.

"Idan an gama addu'ar nan ba ki da sauran hujja," Mama ta dawo da fuskarta kusa da wayar. "Ki ajiye musu aikin a ƙarshen zango. Makarantu sun cika a nan. Me kike tsare wa a gidan nan, fatalwa?"

"Yarana fa, Mama?"

"Yaranki? Ki haifi naki tukuna."

Aka yi dariya a teburin. Na taya su. Da kiran ya katse, firij ne kawai ke gurnani.

Ranar Talata aji ya yi daɗi. Na rubuta "kamar" da babban baƙi a allo na ce kowa ya ba ni jimla. Hannaye suka tashi.

"Malama, ɗakin cin abinci yana wari kamar safar Jude!"

"Ƙarya ne! Malama, kan Tasi kamar kwakwar da ta faɗo ta fashe!"

"Ya isa, ya isa. Ban ce ku ci mutuncin juna ba."

Ansina tana can baya kusa da taga, da siket ɗinta mai surfani irin na matan Chuuk, wanda ta ƙi daina sawa duk da tsokanar da ake mata. Ba ta ɗaga hannu. Na je na tsaya a gefenta na leƙa abin da ta rubuta.

"Gidanmu da safe shiru kamar coci ranar Litinin."

Na ce mata ya yi kyau. Na koma gaban allo na ɗauki alli, na rasa me zan rubuta.

A yammacin ne Kasio ya turo: "Malama kwana biyu amsarki tana jinkiri. Lafiya?"

Na gaya masa batun addu'ar Nana.

"Allah ya ba ta hutu. Ana barin baƙo ya zo?"

Na daɗe ina kallon saƙon. "Kowa yana zuwa," na rubuta.

Ranar Laraba na canza riga sau biyu. Na fara sa baƙar doguwar rigar da nake zuwa addu'a da ita, na cire, na sa wata ruwan toka mai ƙananan furanni a wuya, na saki gashina, na sake ɗaure shi. Na sa 'yan kunnen Nana na zinari. Na gaya wa madubi cewa saboda Nana na sa su.

Anti Bennie, yayar Mama, ita ke riƙe da komai. Ta zo da rigarta ta gargajiya, mestisa mai faffaɗan hannu, da mahuci, na kama hannunta na kai hancina na gaishe ta.

"Allah ya yi albarka. Kofunan nan ba su isa ba. Kuma rumfar can ta saki, tun jiya nake kiran masu ita."

Mutane sun fara zama lokacin da na hango shi yana shigowa daga titi. Farar riga ce a jikinsa, an goge ta har ta yi kari. Ya rungumo roba babba an rufe da ganyen ayaba. Da ya iso gaban tsofaffi sai ya sunkuya sosai ya wuce, irin yadda mutanen Chuuk suke yi. Na ajiye tiren hannuna zan nufe shi, amma Anti ta riga ni.

"Yauwa, sai yanzu? Kai ne na masu rumfa ko? Ga igiya can ta saki. Idan ka gama ka jera kujerun bayan nan."

Ya tsaya da robar a hannu. Ya dube ta, ya dube ni.

Anti ta juyo gare ni, ba ta ko rage murya ba. "Nita, ki shigar da jakunkunan matan nan ciki. Kin san mutanen nan."

Jama'a, ina da baki. Aikina ke nan, koya wa yara yadda za su faɗi abin da ke ransu a jimla cikakkiya. Duk dangin Nana suna zaune suna kallo, mai jan addu'a ta riga ta ɗaga carbinta. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Anti, kawun wata ɗalibata ne."

"Oho. To ai ba laifi, tunda ya zo ya taimaka."

Shi ke nan abin da na ce. Ban ce baƙona ne ba. Ban ce ta ba shi haƙuri ba.

Kasio ya ajiye robar a ƙarshen teburi. Ya naɗe hannun farar rigarsa, ya hau kujera ya ɗaure igiyar. Ya jera kujerun. Da aka fara addu'a ya tsaya can baya kusa da bishiyar mangwaro, kansa a ƙasa, har aka gama. Kafin a buɗe abinci na ga ya juya.

Na bi shi da sauri har bakin titi, na riƙo hannun rigarsa.

"Kasio, tsaya. Ka ci abinci mana."

"Na ƙoshi, Malama."

"Ba ta san ka ba ne."

"Ita ba ta san ni ba," ya ce a hankali. Ya dubi hannuna a kan rigarsa har na saki. "Koma, ana jiranki."

Da na juyo, Anti Bennie tana tsaye a bakin rumfa, mahucinta ya tsaya cak.

"Tun yaushe kike riƙe wa iyayen yara riga?"

Na raɓa ta na koma cikin rumfar. Ba ta sake tambaya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Bayan kowa ya watse na kwashe kwanuka. Kelaguen, naman kazarmu mai lemun tsami, ya ƙare tas, jar shinkafa ko ƙanzo ba a bari ba. Robarsa ce kawai ba wanda ya buɗe. Na ɗaga ganyen, kon ne, dakakken lemmai, ɗan itacen nan mai kama da doya, da aka malale da madarar kwakwa. Ya taɓa gaya mini dakansa yana cin rabin yini, kuma ba a kai shi sai gidan da ake girmamawa. A tsaye na ci a kicin, da hannu, ina ci hawaye na sauka a kai.

Alhamis ta zo. Yara suka rubuta sakin layinsu, ina zagawa ina gyara musu. Wayata tana cikin aljihun tebur, duk bayan ɗan lokaci sai in ƙirƙiri dalilin buɗe shi, yau neman jan biro, an jima neman alli. Ba hoton kwali. Ba tambaya. Na tura masa: "Ban ga aikinka ba." Alamar ta nuna ya karanta. Shiru.

Ranar Juma'a lokacin cin abinci sauran malamai suka tafi ɗakin hutu, ni na rufe ƙofar aji na zauna da tulin takardu. Jude ya rubuta cewa kakansa yana minshari kamar injin yankan ciyawa. Wata ta ce mamarta tana da ƙarfi kamar guguwa. Ansina a kan mamarta ta rubuta, ta ce muryarta a waya kamar rediyon da batirinsa ya kusa ƙarewa. A ƙasan takardar karatunta ga sa hannun kawunta nan, sunansa kawai. Da can yakan ƙara "na gode Malama" a gefe da ƙananan baƙaƙe.

Na gama makin duka, har da na gwajin da sai Litinin zan mayar, don kada in koma gida da wuri.

Asabar da safe na sa wandon jins da tsohuwar rigar makaranta na tuƙa zuwa Agat. Shagon rumfar kwano ce, tayoyi jibge ta ko'ina. Yana tsugune yana danna bututu cikin baho na ruwa yana neman inda ke fitar da iska. Maigidansa, mai kumatun nan, ya dube ni ya dubi motata.

"Wacce ce ta sace?"

"Ba taya na kawo ba."

Ya ɗaga gira, ya ɗauki kofinsa ya shige ciki.

Kasio bai miƙe ba. "Malama."

"Renita. A nan ba aji ba ne."

Ya ci gaba da juya bututun.

"Na zo in ba ka haƙuri. Abin da Anti ta faɗa ba daidai ba ne, kuma ni na fi ta laifi."

"Na saba jin irinta," ya ce. "A banki, a asibiti, a kanti. Ba ta damuna. Daga bakin ƙofa na san abin da za ta ce. Ke ce ban san abin da za ki ce ba, shi ya sa na tsaya ina jira."

Na rasa inda zan sa idona. Kumfa ta fara tasowa daga ruwan, ya sa yatsa a wurin ya zana da alli.

"Ba ƙarya kika yi ba," ya ci gaba. "Kawun ɗalibarki ne ni. Ni ne dai na ɗauka na wuce haka."

"Ka wuce haka."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya goge hannunsa da tsumma, ya miƙe.

"Wana yana Iowa, a kamfanin nama. Tun watan jiya yake cewa in taho da Ansina, akwai gurbi, mamarta ma za ta same mu can. Kullum ina ce masa yarinya tana tsakiyar zango. Ya ce wane irin zango ne ba ya ƙarewa." Ya ɗan yi murmushi, bai kai ido ba. "Daren Laraba na kira shi. Na ce zan ba shi amsa Litinin."

Kowa tafiya yake. Duk wanda na saba da shi a tsibirin nan sai ya hau jirgi.

"Gobe ne rufe addu'ar," na ce. "Ka zo."

"In zo a matsayin wa?"

"Ka zo dai."

"A'a, Renita." Karo na farko ke nan da na ji sunana a bakinsa. "Igiyar rumfar na ɗaure ta da kyau, ba za ta sake saki ba. Idan zan zo, sai na san a wace kujera zan zauna."

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Mama ce: "Mun sauya jirgi a Japan, yanzu za mu taso. Kada ki makara. Ki sa shuɗiyar rigar nan da na aiko miki."

Na ce masa, "Zan kira ka yau." Ya gyaɗa kai ya koma kan bahonsa.

Ban sa shuɗiyar rigar ba. Da kayan jikina na wuce filin jirgi, har da ɗigon baƙin mai a gwiwar wandon. Na tsaya cikin masu jira, kowa da ayarinsa, wasu da furanni, wasu da kwali an rubuta suna. Da ƙofa ta buɗe na hango Mama, ta ƙara haske, ta yi ƙiba, gashinta ya fara fari ta gaba. Na manta komai na ruga. Na kama hannunta na kai hancina, ta jawo ni ta rungume. Ƙamshin man gashinta bai canza ba. Na yi shekara ba wanda ya rungume ni haka.

A kunnena ta yi maganar, tana riƙe da ni.

"Bennie ta kira ni. Ta ce akwai wani ɗan Chuuk mai faci. Ki ce mini ƙarya take."

Derek yana bayanta da keken kaya, ya sa riga mai furanni sabuwa fil, yana murmushi bai san me ake ciki ba.

Na janye jikina kaɗan don in ga fuskarta.

"Sunansa Kasio, Mama. Gobe zai zo, kuma a teburinmu zai zauna, kusa da ni."

Hannunta ya sauka daga kafaɗata. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni tun daga gashi har silifas, ta tsaya a kan baƙin man nan na gwiwata.

"Na bar ki ki kula da uwata," ta ce. "Ashe ke ce ba mai kula da ke."

Murmushin Derek ya tafi a hankali. Ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya taɓa wani abu mai siffar akwatin zobe, ya fitar da hannun ba komai.

"Derek, kira Bennie ta turo ɗanta ya ɗauke mu. A gidanta zan sauka."

"Mama, na gyara miki ɗakin Nana. Na sa sababbin labule."

Ta riga ta juya. Derek ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Sannu, Nita," ya tura keken ya bi ta.

Ni kaɗai na koma mota. A kujerar baya ga ledar biredin kwakwa da na saya mata a hanya, har yanzu da ɗuminsa. Na lalubo lambar Kasio, in gaya masa kujerarsa tana nan. Kafin in danna, wani kiran ya shigo. Shugabar makarantarmu ce, wadda suke rera waƙa a coci ɗaya da Anti Bennie, kuma tunda na fara aiki ba ta taɓa kirana ranar Asabar ba.

"Malama Naputi," ta ce, ba ko gaisuwa. "Litinin kafin ki shiga aji, ki fara biyowa ta ofishina. Wata magana ta iso kunnena a kanki da kawun wata ɗaliba."